Awa Huɗu Bisa Ruwa

Ɗumi na fara ji. Ba ciwo, ba murɗawa, ɗumi ne kawai yana bin cinyata a hankali. Ina zaune kusa da taga, ma'aikatan jirgi sun gama kwashe tiren abinci, wani dattijo Bature a gefena yana gyangyaɗi. Na cusa hannu ƙarƙashin hijabi, na fito da shi, na duba. Sai na mayar da shi ciki da sauri kamar wadda ta yi sata. Na ɗaga kai na kalli allon da ke rataye a saman kujeru, wanda yake nuna inda tafiya ta kai. Ɗan farin jirgi ne shi kaɗai a tsakiyar shuɗi. Babu ƙasa a gabansa, babu a bayansa.

Hafsatu, kina cikina a lokacin, wata bakwai da 'yan kwanaki. Yau da nake rubuta wannan ko zama ba ki iya ba, amma tuni an fara gyara labarin. A Aliero abin da ake cewa shi ne na ɗan yi laulayi a hanya, Allah ya kiyaye. Kafin ki girma zai zama ba a yi komai ba. Shi ya sa na zauna zan faɗa miki yadda aka yi.

Babanki malami ne a jami'a. Wata huɗu da aurenmu ya samu tafiya ƙaro karatu a Brazil, kan harkar noma, ya bar ni a gidansu a Aliero tare da mahaifiyarsa, Hajiya. Lokacin cikinki ko motsi bai fara ba. Ni 'yar Liba ce, ta Maiyama, kuma kowa ya san cikin fari a gidan iyaye ake haihuwarsa. Da ya kai wata bakwai sai a mayar da yarinya wurin uwarta. Inna ta fara tara itacen wanka tun cikin yana wata huɗu. Ta sa aka gyara ɗakin da ke kusa da nata, ta sayi kanwa, ta ajiye gero dabam na kunu. Ba ta taɓa ce mini ga abin da take yi ba, domin ni ce ta farinta. Ba ta kiran sunana, ba ta kallon cikina. Ƙanwata ce take ba ni labari a waya, wai itacen har ya kusa kai katanga.

A Jega nake zuwa awo, wani ɗan asibiti a Sabon Gari. Ranar da aka yi mini hoton ciki na biyu, malamar awon ta daɗe tana kallon allo, sannan ta zaunar da ni ta rufe ƙofa. Ta ce mabiyiya ta kwanta a ƙasa, a bakin mahaifa, maimakon sama. Ta zana mini a takarda yadda zan gane. Ta ce irin wannan jini yake ɓallewa da shi ba tare da sallama ba, kuma idan ya ɓalle mintoci ake ƙirgawa.

"Kada ki ɗauki abu mai nauyi," in ji ta. "Kada ki hau babur. Kada ki yi nisa da asibitin da ke da jini da ɗakin tiyata. Kin ji ni ko?"

Na ce na ji. Na ɗauki hoton katin da na takardar da wayata, na tura wa babanki a ranar, tun ina cikin mota. Ki riƙe wannan da kyau. Ya gani. Alamar karantawa ta fito, kuma da yamma ya kira ni.

"Ai wannan ma shi ne dalilin da zai sa ki taho," ya ce. "Asibitocin nan sun fi na gida nesa ba kusa ba. Bizarki ta fito, in ta ƙare sai an sake sabon lale. Kuma duk wanda aka haifa a nan ɗan ƙasa ne, mu ma zamanmu zai yi sauƙi."

"Malam, ta ce hwa kar in yi nisa."

"Wane nisa? Bari in nuna miki."

Ya turo mini hoton wani shafi da ake auna tazarar filayen jirgi. Taswira ce da jan layi, daga wani ɗan tsibiri da ake kira Sal zuwa garin da yake, Fortaleza. Kusan kilomita dubu uku, awa huɗu. Sai ya turo na biyu, daga Sakkwato zuwa Jidda, ya ce in duba da idona. Layin Jidda ya fi tsawo. Ya tura wa Hajiya su duka biyun, aka yi ta miƙa wayar daga hannu zuwa hannu a tsakar gida.

A wurinmu duk tafiyar jirgi da Makka ake auna ta. Wanda ya je shi ne malami, wanda bai je ba ya yi shiru. Hajiya ta je sau biyu, don haka da ta ga jan layin nan magana ta ƙare.

"Ke, mi na na abin tsoro?" ta ce. "Bai ma kai Makka ba. Mu da munka tashi Sakkwato, abinci ɗai munka ci, nay yi ɗan kwana, sai ga mu Jidda. Har da wata mai tsohon ciki cikinmu, ta ɓoye abinta, ta yi aikin hajjinta ta dawo ta haihu Jega lahiya lau. Ɗiyan zamani dai akwai raki."

Ba wanda ya tambayi abin da ke ƙarƙashin layin. Ni ma ban tambaya ba, kuma na yi jogarafi a sakandare, na ci shi ma. Hanyar Makka bisa ƙasa take bi, akwai garuruwa a ƙasa, akwai filayen da jirgi zai iya sauka in wani abu ya taso. Tekun da alhazai ke ƙetarewa kafin a gama salati an wuce shi. Wannan kuwa ruwa ne tun daga tashi har sauka. Babanki ya bi ta kansa da rana tsaka, yana kallo ta taga. Shi kaɗai ne a cikinmu ya san haka, kuma bai faɗa ba. Bai kuma lissafa motar Aliero zuwa Sakkwato ba, da jirgin Legas, da kwanan Legas, da jirgin da zai kai ni tsibirin. Awa huɗun ƙarshe kawai ya ɗauko ya nuna.

Na so in gaya wa Hajiya maganar mabiyiya. Na je ɗakinta sau biyu, na durƙusa, na kasa. Ta yaya zan buɗe baki in yi wa surukata zancen bakin mahaifata, a cikin fari? Na miƙa mata katin, ita kuma ba ta karatun boko. Ta juya shi ta ce a bar shi a gida, kada 'yan filin jirgi su gani su hana ni tafiya. Ta aika Jega aka ɗinko mini hijabi mai faɗi har ƙasa, irin na tsofaffi. Ta sa na saka na yi tafiya a gabanta, ta ce in ɗan rage turo ƙugu.

"In an tambaye ki, wata biyar na. Ko ki ce ƙiba ta."

Matan gidan suka yi dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini.

Sati guda aka yi ana haɗa kayan da zan kai wa babanki. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, gabu cike da leda uku domin ya ce albasar can ba ta da ƙamshi. Sau uku aka ɗauki jakar nan aka kai ta sikelin 'yan albasa a bakin kasuwa, ana ragewa ana ƙarawa, don kada ta wuce kilon da aka yarda. Har gardama aka yi kan kilishi. Sau uku aka auna jaka, Hafsatu. Ni ba a mayar da ni awo ko sau ɗaya ba.

Ana saura kwana biyu aka kai ni Liba sallama. Itacen yana nan jere a jikin katanga, ƙatuwar tukunyar wanka a kife a gefe. Baba ya ce tunda miji ya kira, su ba su da ta cewa, Allah ya kai ni lafiya. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Na zauna kusa da ita har la'asar ina jiran ta ce kada in je. Kalma ɗaya nake nema in riƙe. Da zan tashi sai ta juya wajen ƙanwata.

"Ce ma waccan ta riƙa shan ruwa bisa hanya."

Iyakar abin da ta iya ke nan. Da na shiga mota na waiga, na gan ta ta fito har bakin zaure, abin da ba ta taɓa yi mini ba, hannunta duk gari. Har yau ban san wanda zan fi jin haushi ba, ita ko waɗanda suka koya mata cewa uwa ba ta magana kan ɗiyarta ta fari.

To, ga ni a jirgi na uku, da jini a hannu. Kin san abin da na yi? Ban yi komai ba. Na matse ƙafafuna, na tattaro hijabin na danna a tsakani, na zauna. Maɓallin kiran ma'aikata yana saman kaina, na san shi, an nuna mana. Amma namiji ne a gefena, maza ne a gaba, kuma tunanin da ya cika kaina shi ne na ɓata musu kujera. Ina ta cewa a raina zai tsaya. Na karanta duk abin da na haddace. Kina motsi, kina harbi da ƙarfi fiye da kullum. Na fi minti ashirin a haka, ina jin kunyar mutanen da ba su san ni ba, ba za su sake ganina ba. Waɗannan mintocin ba babanki ne ya ɗauke mini su ba, ba Hajiya ba. Tarbiyyata ce, kuma ita ma ina fushi da ita.

Dattijon ne ya farka ya ga abin yana bin ƙasa wajen takalminsa. Ya miƙe tsaye yana ihu da yarensu. Wata ma'aikaciya ta zo da gudu, ta duba, ta kira sauran. Aka tashi mutanen layinmu, aka kwantar da ni a kujeru uku, aka ɗora ƙafafuna bisa jakunkuna. Na ji ana sanarwa a lasifika, sai ga wata mata mai furfura ta taso daga baya tana naɗe hannun riga. Nas ce, ta dawo daga ziyarar 'yarta. Ba ta jin Turanci, ma'aikaciyar ce take fassara tsakaninmu.

Ta kama hijabin za ta cire, na riƙe. Wallahi na riƙe. Sai da suka kare ni da barguna sannan na saki. Da ta ga cikin sai ta yi wa ma'aikaciyar magana, ita kuma ta juyo wurina.

"Tana tambaya wata nawa ne."

"Biyar," na ce.

Matar ta ɗora hannu a saman cibiyata, ta auna da yatsu, ta girgiza kai. Ta yi magana da kakkausar murya tana kallon cikin idona.

"Ta ce in kina son ɗanki ya rayu ki daina yi mata ƙarya."

Na ce sati talatin da ɗaya. Na ce a ɗauko wayata, akwai hoton takardar asibiti. Ta buɗe, ta faɗaɗa shi da yatsu, ta ga zanen da malamar Jega ta yi mini. Ba ta buƙaci fassara ba. Ta janye hannunta daga jikina, ta hana kowa taɓa ni ta ƙasa, ta juya ni bisa haƙarƙarin hagu. Suka sa mini abin shaƙar iska, suka ɗauko akwatin magani, ta nemi jijiya ta ɗaura mini ruwa, wani fasinja ya tsaya riƙe da ledar a sama. Tawul take sa mini, in ya jiƙe ta cire ta jefa a leda ta sa wani. Tana ƙirga su da ƙarfi. Ban san yarensu ba amma na gane ƙirga ce.

Na kama hannun ma'aikaciyar na ce su sauke ni. Na ce ko ina ne, su sauka kawai. Ta durƙusa daidai fuskata, yarinya ce kamar sa'ata, idonta ya yi ja.

"Na gaya wa matuƙi. Babu inda za mu sauka. Mun ɗan wuce rabi, komawa ya fi ci gaba nisa. Ya ƙara gudu, kuma motar asibiti za ta jira mu."

"Saura nawa?"

"Awa ɗaya da minti hamsin."

Daga inda nake kwance ina ganin allon. Ɗan jirgin ba ya motsi. In rufe ido in buɗe, yana nan inda yake. A nan ne tsoro ya sake ni, haushi ya kama ni, kuma ina jin shi ya riƙe ni a farke. Nas ɗin tana marin kumatuna kada in yi barci, ni kuwa ina can tsakar gidan Aliero ina faɗa da kowa. Na gaya wa Hajiya abin da na kasa faɗa a durƙushe. Na tambayi babanki ko takardar zama ce za ta shayar da ke. Na yi wa Inna ihu, na ce ki kalle ni, ni ce, ki ce kada in tafi. Ashe da ƙarfi nake yi, da Hausa, jirgi guda yana ji. Ma'aikaciyar ta ɗauka addu'a ce, tana ta cewa amin.

Can sai na daina jin motsinki. Na gaya musu. Nas ɗin ta kafa abin sauraro a cikina, ƙarar injin ta hana ta jin komai, ta matsa nan ta matsa can. Ba ta ce akwai ba, ba ta ce babu ba. Ta dai ɗauki hannuna ta ɗora a kan cikin, ta danne da nata. Sanyi ya fara hawa daga ƙafafuna, leɓuna suka bushe, muryoyi suka koma kamar daga cikin rijiya. Abin da na iya tunawa na ƙarshe a jirgin shi ne gefen allon ya fara nuna kore.

Sauran a gutsure nake tuna shi. Zafin rana a fuskata da aka sauko da ni. Jiniya. Fitilu suna wucewa a saman kaina. Fuskar babanki yana gudu a gefen gadon, yana cewa sannu, sannu, kin iso. Wata takarda da ya sa wa hannu. Wani abu da aka kifa mini a hanci.

Da na farka hantsi ne, washegari. Cikina a ɗaure, ledar jini a rataye, bakina kamar an cika shi da toka. Na kai hannu na ji ba kya nan. Babanki yana zaune a kujera da kayan jiya a jikinsa. Ya taso ya ce an yi aiki, mace ce, tana kwalba, tana numfashi. Na kalle shi kawai. Ban yarda ba. Mutumin da ya nuna mini jan layi ya ce ba nisa, yaya zan karɓi wannan daga bakinsa?

Ƙarfe goma sha ɗaya saura, bisa agogon bangon ɗakin, likita ta shigo, wata gajeriyar mata da gilashi a rataye a wuya. Ta duba ɗinkin, ta duba idona, ta duba takardu. Ta yi magana mai tsawo da yarensu tana kallon babanki, muryarta ba daɗi, har da nuna shi da biro. Ya sunkuyar da kai. Da ta gama ya juyo wurina.

"Ta ce komai lafiya."

"Duk wannan maganar?" na ce. "Malam, ba daga bakinka zan ji ba."

Na juya wajenta, na tattaro Turancina na sakandare. Na ce ta gaya mini da bakinta, ko kaɗan ne. Ta jawo kujera ta zauna, tana neman kalmomi ɗaya ɗaya. Ta ce leda huɗu aka ƙara mini. Ta ce sun yi fama kafin jinin ya tsaya, amma ya tsaya, kuma ba su cire mahaifar ba. Ta ce ke ƙarama ce ƙwarai, za ki daɗe a kwalba, amma kin yi kuka da kanki. Ta fito da wayarta ta nuna mini ke, ja wur, da igiyoyi a hanci, hannunki a dunƙule.

"Wancan fa?" na ce. "Me kika gaya masa?"

"Na tambaye shi wa ya bar ki kika hau jirgi."

Na tambaye ta ko zan mutu. Ta riƙe yatsuna, ta ce a'a. Ta ce haɗarin ya wuce, na tsira. Sai da ta maimaita sau biyu sannan kuka ya zo mini, ɗinkin yana ja ina yi.

Babanki ya ciro wayarsa yana share ido, ya ce bari ya kira gida, tun jiya Hajiya ba ta ci abinci ba. Ya ce zai gaya musu an sauka lafiya, ba sai an tayar musu da hankali da sauran bayani ba.

Na miƙa hannu, igiyar jinin tana lilo.

"Ba ni nan," na ce. "Ni zan yi magana."